Makaranta kyauta ce a Amurka, amma ƙofarta tana cikin kuɗin gida



Yau zan ɗauke ku mu yi nisa, mu je ƙasar Amurka, domin akwai wani al'amari na makarantunsu da ya daɗe yana yi mini ƙaiƙayi a zuciya. Da yawa daga cikinmu idan aka ambaci Amurka sai mu ɗauka can kowane yaro ya samu, ɗan mai hali da ɗan talaka benci ɗaya suke zama, tunda dai makarantar gwamnati kyauta ce tun daga ajin farko har ƙarshen sakandare, wato abin da mu muke kira lise. Kyautar gaskiya ce, ba a karɓar ko tamma ɗaya a bakin ƙofa. Sai dai ganin kitse ake yi wa rogo. Abin da ya sa ba a karɓar kuɗi a ƙofar lakkwal shi ne an riga an karɓe su tun a wajen dillalin gidaje.

Ga yadda tsarin yake. A mafi yawan wurare a Amurka adireshin gida ne ke zaɓar wa yaro makarantar gwamnatin da zai shiga. Ƙasar ta kasu gundumomin makarantu kimanin 13,000, kowace da majalisarta da asusunta da iyakarta. Cikin gunduma kuma, idan tana da sakandare fiye da ɗaya, ana sake ja wa kowace makaranta tata iyaka a kan taswira: gidajen da ke gabas da wannan titi su tafi nan, na yamma da shi su tafi can. Iyakoki biyu ke nan, ta gunduma da ta makaranta, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe bambancinsu. Ta makaranta yara kaɗai take rabawa. Ta gunduma kuwa tana raba yara, ta raba kuɗi.

Sai kuma wani abu da yake juye da abin da muka sani. A wajenmu gefen birni shi ne mazaunin baƙo da talaka da mai ƴan dabbobi. A Amurka kuwa, tun bayan yaƙin duniya na biyu, masu hali ne suka fice daga tsakiyar manyan birane suka koma garuruwan kewaye, inda ake da faɗin fili da shuke-shuke, suna zuwa aiki cikin birni da mota su koma da yamma. Ba duka garuruwan kewayen ne na masu kuɗi ba, akwai na talakawa da yawa, amma can ne ake gasar makarantu mafi zafi.

Magidanci a can idan zai sayi gida, kafin ya tambayi yawan ɗakuna sai ya tambayi wace sakandare ce ke ɗaukar yaran wannan titi. Kamfanonin dillancin gidaje irin su Zillow da Redfin kan nuna masa makarantun unguwar tare da hoton gidan, kowace da makin da ƙungiyar GreatSchools ta ba ta daga 1 zuwa 10. Mutum ya ga 9 sai hankalinsa ya kwanta, ya ga 4 sai ya wuce, ko da bai taɓa leƙa ɗayansu ba. Wannan makin kuwa yana da farashi, an ma auna shi. A shekarar 1999 wata masaniyar tattalin arziki, Sandra Black, ta yi dabara mai kyau: ta duba gidajen kewayen birnin Boston da ke dab da iyakar makarantun firamare, unguwa ɗaya, gunduma ɗaya, haraji ɗaya, bambancinsu kawai wannan yana wannan gefen layi, wancan yana ɗaya gefen. Sai ta iske idan sakamakon jarrabawar makaranta ya ɗara na maƙwabciyarta da kashi 5 cikin 100, masu saye suna ƙara kimanin kashi 2.5 cikin 100 a kan kuɗin gida. Wannan ƙarin shi ne kuɗin makarantar, illa dai aljihun mai sayar da gida yake shiga maimakon asusun lakkwal.

To me wannan maki yake aunawa? Nan ne nake ganin ana yi wa mutane rufa-ido. Shekaru da dama ginshiƙinsa shi ne sakamakon jarrabawa, kuma tun rahoton Coleman na 1966 aka san cewa sakamakon jarrabawar yaro yana bin halin gidan da ya fito fiye da yadda yake bin ginin makaranta. Ɗan likita da ya iso aji ya riga ya iya karatu, ana biya masa malamin gida da yamma, zai ci jarrabawa ko malaminsa na lakkwal rago ne. Idan ka tara irinsa dubu a gini ɗaya, dole ginin ya samu 9. Kowane makiyayi ya san idan aka ga garke ya yi ƙiba sai a fara tambayar inda ya yi kiwo kafin a yabi mai sanda.

Akwai wata hanyar awo da ta fi wannan adalci, ita ce a duba inda yaro ya faro da inda ya kai. Sean Reardon na jami'ar Stanford ya yi haka, kuma a 2017 ya nuna cewa yaran makarantun gwamnati na birnin Shikago, waɗanda galibinsu ƴaƴan talakawa ne kuma makinsu yana ƙasa, sun samu ci gaban karatu na kimanin shekara shida cikin shekara biyar, daga aji uku zuwa aji takwas, abin da gundumomi da yawa na masu kuɗi ba su kai ba. Ita ma GreatSchools, bayan suka da ta sha, ta gyara awonta a 2020 ta ƙara wa ci gaban ɗalibi nauyi. Gyaran ya yi kyau. Amma sunan da makaranta ta riga ta yi a bakin mutane ba ya goguwa da sauya lissafi.

Bari in kawo misali guda da ya fi ba ni mamaki, saboda a wurin da ba a zata ba ya faru. Gundumar Howard tana cikin jahar Maryland, tsakanin Baltimore da Washinton, kuma tana cikin gundumomi mafi arziki a ƙasar. A cikinta akwai garin Columbia, wanda James Rouse ya kafa a 1967 da niyyar baƙi da farare, mai shi da maras shi, su zauna tare. Makarantun gundumar duka asusu ɗaya suke ci, malamansu ma'aunin albashi ɗaya. Amma duk da haka a 2019, a sakandaren River Hill yaran da talaucin gidansu ya kai a ba su abincin rana kyauta ko da rangwame ba su kai 5 cikin 100 ba, alhali a sakandaren Wilde Lake, tafiyar ƴan mintoci a mota, sun haura 40 cikin 100. Sai shugaban makarantun gundumar, Michael Martirano, ya kawo shawara a watan Agusta na wannan shekarar cewa a gyara iyakoki, a sauya wa yara kimanin 7,400 makaranta, don a rage cunkoso a wasu, a kuma daidaita yawan talakawa tsakaninsu.

Sai gari ya ɗauki zafi. Iyaye suka fito zanga-zanga da riguna iri ɗaya da alluna, aka yi ta zaman sauraron jama'a har dare, wasiƙu suka yi ta kwarara zuwa majalisar makarantu, wasu da hujja mai ma'ana, wasu kuma da maganganun ƙyamar launin fata da mutum zai ji kunyar maimaitawa. A watan Nuwamba majalisar ta amince da shirin da aka rage wa ƙarfi, na yara kimanin 5,400.

Ban ce duk wanda ya yi zanga-zangar mugu ne ba. Uwar da ta ce ɗanta da ke tafiya lakkwal da ƙafa yanzu zai tashi da asuba ya jira bas, gaskiya ta faɗa. Yaron da za a raba da abokansa da ƙungiyar ƙwallonsa yana tsakiyar sakandare an cuce shi wani abu, ko an ƙi ko an so. Mutumin da ya ci bashin banki na shekara talatin ya sayi gida saboda makaranta, sannan aka wayi gari an ja layin ya bar shi a waje, yana da dalilin jin zafi. Amma wannan na ƙarshen shi ne ya tona asirin maganar. Idan matsar da layi a kan takarda yana iya rage darajar gidanka, to ashe wani ɓangare na darajar gidan nan makarantar gwamnati ce, wadda aka gina da harajin kowa, har da na matar da ke haya a ɗaya gefen. Ka sayi abin da tun asali ba na sayarwa ba ne, kuma wanda ya sayar maka ba shi da takardarsa.

Wannan duka a cikin gunduma ɗaya ne, inda aƙalla kuɗin ɗaya ne. Idan aka zo iyakar da ke tsakanin gunduma da gunduma, abin ya fi muni. Kusan kashi 45 cikin 100 na kuɗin makarantun gwamnati a Amurka daga cikin yankin ake tara su, galibi harajin gidaje da filaye, kusan wani kamarsa daga gwamnatin jaha, gwamnatin tarayya kuwa a yawancin shekaru abin da take sawa bai wuce kashi 10 ba. Saboda haka inda gidaje suke da tsada, haraji kaɗan yana tara kuɗi mai yawa. A birnin San Antonio na jahar Teksas an kai wannan magana kotu. Gundumar Edgewood, ta talakawa ƴan asalin Meksiko, tana karɓar dala 1.05 a kan kowace dala 100 ta darajar gida (dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa ba), amma abin da take tarawa dala 26 ne kan kowane ɗalibi. Alamo Heights ta masu kuɗi tana karɓar santi 85 kacal, tana tara dala 333. Bayan an haɗa da gudummawar jaha da ta tarayya, ɗan Edgewood yana da dala 356, ɗan Alamo Heights yana da 594. Talaka ya fi biyan haraji mai nauyi, ya kuma fi samun kaɗan. A 1973 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce wannan bai saɓa wa tsarin mulkin ƙasa ba, domin ilimi ba ya cikin haƙƙoƙin da tsarin mulkin tarayya ya lamunce.

Adalci ne in faɗa cewa maganar ba ta tsaya nan ba. Iyayen suka koma kotunan jaha, a 1989 kotun ƙolin Teksas ta rushe tsarin, daga baya aka yi dokar da ke ɗebo wani abu daga gundumomi masu arziki a kai wa matalauta. Jahohi da yawa sun bi irin wannan hanya, har a wasu wurare gundumar talakawa takan samu daidai ko fiye daga gwamnatin jaha. Ratar kuɗi ta ragu. Ratar yara ita ce ba ta ragu ba, kuma dalilinta wata shari'a ce ta shekara mai bi.

Tun 1954 Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantu bisa launin fata. A Detroit ta jahar Michigan, alƙali Stephen Roth ya duba ya ga ba yadda za a gauraya yara a cikin birnin kaɗai, tunda fararen sun ƙaura zuwa kewaye, sai ya ba da umarnin a haɗa birnin da gundumomi 53 na gefensa cikin shiri ɗaya. A 1974 Kotun Ƙoli ta soke umarnin, nan ma biyar a kan huɗu: ba za a tsallaka iyakar gunduma ba sai an tabbatar ita kanta gundumar ta gefe ta yi laifin wariya. Cikin alƙalai huɗun da suka ƙi amincewa har da Thurgood Marshall, wanda shi ne lauyan da ya ci shari'ar 1954. Tun daga ranar kowane magidanci ya gane darasin: in ka tsallaka layin gunduma, ba mai biyo ka. A 2016 ƙungiyar EdBuild ta auna iyakokin gundumomin ƙasar, ta iske wadda ta fi raba mai shi da maras shi ita ce ta tsakanin Detroit da Grosse Pointe, kusan rabin yaran wannan gefe cikin talauci, a ɗaya gefen ba su kai 7 cikin 100 ba, kuma abin da ke tsakaninsu titi ne da yaro zai tsallaka da gudu ɗaya.

Masu kare tsarin sukan ce ai ba wanda aka hana, kowa yana iya ƙaura. Wannan magana tana mantawa da yadda aka cika garuruwan tun farko. A shekarun 1930 hukumomin gwamnatin tarayya sun zana taswirar birane suka shafa wa unguwannin baƙar fata jan launi a matsayin inda bashin gida ke da haɗari, sababbin unguwannin kewaye da yawa kuma an rubuta a takardar filinsu cewa ba a sayar wa baƙar fata. Sai 1968 aka yi dokar da ta haramta wariya a harkar gidaje. Bayanta kuma garuruwa da dama sun riƙe dokokin gini da suka hana gidajen haya masu hawa, suka ce sai gida guda a kan fili mai faɗi. Ba a ce talaka kada ya zo ba, an dai hana gina irin gidan da zai iya biya.

Wanda bai iya ƙaura ba ya yi dabara kuma, sai ya gamu da hukuma. A jahar Ohayo wata uwa baƙar fata da ke zaune a gidajen gwamnati na birnin Akron, mai aikin taimakon malami kuma tana karatun zama malama, ta rubuta ƴaƴanta mata biyu da adireshin mahaifinta a gundumar Copley-Fairlawn da ke maƙwabtaka. Gundumar ta ɗauki hayar masu bin diddigi suka ɗauki hotonta tana kawo yaran daga Akron, aka nemi ta biya kimanin dala 30,000, ta ƙi, a watan Janairu na 2011 aka yanke mata kwana goma a gidan kaso. Sai da ƙasa ta ɗauki surutu kafin gwamna John Kasich ya sassauta laifin a watan Satumba. Ta yi ƙarya a takarda, wannan ba shakka, kuma ban wanke ta ba. Amma ku dubi abin da aka ce ta sata: karatu a makarantar gwamnati ta jaharta. Attajirin da ya sayi gida don wannan makaranta ana yaba masa da hangen nesa, ita kuwa da ta ari adireshin ubanta don buƙata ɗaya da tasa ta kwana a kaso.

Kuma kada a ɗauka layukan nan tsofaffi ne da aka gada aka rasa yadda za a yi da su. Sababbi ma an ja. A 2013 makarantun birnin Memphis suka haɗe da na gundumar Shelby da ke kewaye da shi a jahar Tennessee. Shekara ɗaya tak, a 2014, garuruwa shida na gefe, ciki har da Germantown da Collierville, suka ɓalle kowane ya kafa gundumar kansa. Garin Gardendale na jahar Alabama ya so yin haka, sai kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta hana a 2018, bayan an tabbatar launin fata yana cikin dalilan yunƙurin.

A nawa ganin, ba laifi ba ne a ce yaro ya tafi makarantar da ke kusa da gidansu. Dole a san yawan kujeru, dole a tsara hanyar bas, ba za a yi wannan ba sai da layi. Laifin yana farawa ne ranar da layin tsara tafiya ya zama shingen gona, har masu ciki suka ɗauka gadonsu ne. Kamata ya yi a riƙa duba iyakokin kowane ƴan shekaru a matsayin aikin yau da kullum, kowa ya sani tun kafin ya sayi gida cewa layi yana motsi, a kuma bar yaron da ya riga ya fara sakandare ya ƙarasa inda yake. Idan an saba da motsinsa, dillali ba zai iya saka shi cikin farashi ba. Rubuta yaro da adireshin kakansa kuma, in laifi ne, hukuncinsa a mai da yaron makarantarsu, ba a kai uwarsa kaso ba.

Amurkawa da kansu sun nuna ana iyawa idan an so. Tun 1966 shirin METCO yake ɗaukar yaran birnin Boston zuwa makarantun garuruwan kewaye, yara kimanin 3,000 a kowace shekara. Jahar Minnesota ta buɗe iyakokin gundumominta a 1988, yaro yana iya neman gurbi a wata gunduma, kodayake wanda iyayensa ba su da mota sau da yawa buɗewar ba ta amfane shi. Dokar McKinney-Vento ta 1987, da gyare-gyaren da aka yi mata daga baya, ta tilasta wa makarantu karɓar yaron da ba shi da matsuguni ba tare da takardar shaidar adireshi ba. Wannan ta ƙarshen ta tsaya mini a rai, kuma na san za ta tsaya wa duk mai karatun da ya taɓa kai yaro lakkwal aka tambaye shi inda yake zaune alhali zamansa yana bin ruwa da ciyawa.

Amma hanyar da na fi gamsuwa da ita ta gidaje ce, tunda can ciwon ya faro. Gundumar Montgomery, maƙwabciyar Howard a jahar Maryland, tun tsakiyar shekarun 1970 ta wajabta wa masu gina manyan rukunin gidaje su ware wani kaso mai sauƙin kuɗi, hukumar gidajen gwamnati kuma tana sayen wasu ta zaunar da talakawa a ciki. Da haka ƴaƴan talakawa suka samu kansu cikin iyakar makarantun masu hali ba tare da an taɓa layi ba. Heather Schwartz ta bi yara kimanin 850 na irin waɗannan gidaje daga 2001 zuwa 2007, kuma da yake kusan ƙuri'a ce ke raba gidajen, ba za a ce iyayen da suka fi himma ne suka zaɓi unguwa mai kyau ba. Yaran da rabo ya kai makarantun da talakawa suka yi kaɗan sun wuce takwarorinsu a lissafi kafin su gama firamare, duk da cewa gundumar tana ƙara wa ɗaya makarantun, masu yawan talakawa, kuɗi kan kowane ɗalibi.